Labarin Kuɗin Gudummawar Yaƙi, da Alamun Tunawa da Waɗanda Suka Bayar

Yaƙi yana cin mutane, yana kuma cin dukiya. Kowane soja da ya tsaya a fagen fama akwai mutane da yawa a bayansa waɗanda ba su taɓa jin ƙarar igwa ba, amma da guminsu aka ɗinka masa riga, aka cika masa jaka da harsashi, aka biya kuɗin jirgin da ya ɗauke shi. A waɗansu ƙasashe an tuna da irin waɗannan mutane, aka kafa musu alamu a tsakiyar garuruwansu, har yau suna nan ana gani. A ƙasar Kano ma an karɓi irin wannan kuɗi har sau biyu, a yaƙin 1914 da na 1939, ta hannun hakimai da dagatai da malaman En'e kuwa ya bi. Wannan labari zai bayyana yadda al'amarin ya faro a ƙasashen Turawa, da yadda ya iske mutanen ƙauyuka irin su Kwanyawa ta ƙasar Karaye, da abin da kowane ɓangare ya samu na tunawa bayan an ajiye makamai.

Asalin kan sarki na ajiya

A shekara ta 1916 yaƙin Ingila da Jamus yana ta ci, ba alamar ƙarewa. Haraji ya kasa ɗaukar nauyinsa, rancen attajirai ma ya kasa. Sai Gwamnatin Ingila ta juya wajen masu ƙaramin ƙarfi. Ta fitar da wata takarda ta ajiya, mutum ya saya sule 15 da sisi, in ta shekara biyar ya mayar a ba shi fam guda. To, lebura ba ya iya zaro sule 15 rana ɗaya. Saboda haka aka buga wani kan sarki na musamman, na sisi-sisi, wanda ba a manna shi a wasiƙa, aka ba kowa kati ya riƙa mannawa. In ya manna 31 kati ya cika, sai a musanya masa da takardar ajiya. Aka kafa ƙungiyoyin ajiya a makarantu da masana'antu da unguwanni, yara da mata suna kawo sisinsu mako mako.

A ƙarshen 1917 aka ƙaro wata dabara. Aka kawo motar yaƙi mai sulke, wadda a ke kira tanka, aka girke ta a wani babban dandali na birnin Landan, ana sayar da takardun rance a gindinta. Da aka ga jama'a sun yi cincirindo, sai aka riƙa zagayawa da tankoki gari gari, kowane gari yana so a ce ya fi maƙwabcinsa. Da yaƙi ya ƙare, a 1919, hukumar ajiya ta raba tsofaffin tankoki fiye da 250 ga garuruwan da suka yi ƙoƙari, aka girke su a dandali don tunawa. Yawancinsu an farfasa su daga baya an narke ƙarfen. Amma ta garin Ashford, a lardin Kent, ta tsira, domin a 1929 an sa na'urar rarraba lantarki a cikinta, ba dama a taɓa ta. Tana nan a inda aka ajiye ta.

Amurka ta shiga yaƙin a 1917, ita ma ta ɗauki wannan hanya. Nata ƙaramin kan sarki na santi 25 ne. In mutum ya manna 16 ya cika da 'yan canji, sai a ba shi babba, wanda zai zama dala 5 a farkon 1923. A jihar Ohayo aka yi gasa tsakanin gundumomi, gundumar Morrow ta zo ta fari in an raba abin da aka saya bisa yawan mutane. Ladanta shi ne wani dogon ginshiƙi na dutse da aka kafa a garin Mount Gilead a watan Disamba na 1919. Warren Harding, wanda ya zama Shugaban Amurka a 1921, shi ya yi babban jawabi ran buɗewa. Abin lura ga wannan ginshiƙi shi ne dalilin samunsa: manoma da 'yan makaranta da matan aure ne suka ciwo shi da 'yan kuɗinsu.

A yaƙi na biyu Ingilishi suka sake jera irin wannan gasa. Daga ƙarshen 1941 zuwa farkon 1942 aka yi makon jiragen ruwan yaƙi, kowane gari ya ɗauki jirgi guda ya zama nasa, su aika wa jirgin allo, a aiko musu da tambarin jirgin. A 1943 aka yi makon jiragen sama, a 1944 aka yi na sojan ƙasa. Kowane gari da ya cika abin da ya ɗaukar wa kansa, a kan ba shi allo mai rubutu ya rataye a zauren majalisarsa. Mai ajiya a can ya ci riba biyu ke nan: kuɗinsa ya komo masa da ƙari, sunan garinsa kuma ya hau allo.

Yaƙin farko da Baitulmali

Yanzu sai a komo gida. Ƙasar Karaye tana yamma da birnin Kano, ta ɗan karkata kudu, tana iyaka da Katsina da Zazzau. A zamanin En'e Rogo da Kwanyawa duk a ƙarƙashin Sarkin Karaye su ke, shi kuwa yana cikin sarakunan garuruwa waɗanda tun asali a ƙasarsu su ke zaune, ba a birni ba. Ƙasa ce ta noma, ga dawa da gero, ga gyaɗa da auduga, ga kogin Calawa ya ratsa ta.

Kafin yaƙin farko abubuwa biyu sun sauya zaman ƙasar Kano. Na ɗaya, an kafa Baitulmali a zamanin Sarkin Kano Abbas. Haraji da jangali suka daina tsayawa a hannun masu sarauta, aka yanka wa kowa albashi, abin da aka tara kuma a raba biyu, rabi na Gwamnati, rabi na En'e. Na biyu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗin Turawa ya fara korar wuri daga kasuwa. Sai kuma damina ta ƙi a 1913, a 1914 aka yi babbar yunwar nan da a ke kira Kakalaba, wadda ta hallaka mutane masu yawa a Kano da ƙasashen da ke arewa da ita.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai yaƙi ya tashi a watan Agusta na 1914. Jamus ke riƙe da Kamaru a lokacin, watau abokin gaba yana bakin iyaka. Sojan Nijeriya suka nufi Garwa, suka sha wuya a karon farko, ba su ci garin ba sai a watan Yuni na 1915. Dutsen Mora kuwa bai sallama ba sai a Fabrairu na 1916. Daga nan aka kwashe waɗansu zuwa Afirka ta Gabas. Tun farkon yaƙin sarakunan Arewa suka miƙa wa Gwamna Lugga fam 38,000 daga Baitulmalinsu, a shekarun da suka biyo kuma aka yi ta ƙarawa.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a duba. Takardar da ta raka kuɗin da sunan sarki ta tafi, godiyar da ta dawo ma ga sarki ta zo. Amma Baitulmali ba ya haƙo kuɗi daga ƙasa. Abin da ke cikinsa harajin manomi ne da jangalin Bafillace, wanda aka keɓe domin hanyoyi da rijiyoyi da makarantu da albashin ma'aikata. Kowane fam da ya tafi Kamaru, wani aiki ne aka jinkirta a gida. Mutumin ƙauye ya bayar, amma ba a ba shi kati ya manna kome ba, ba a kuwa yi masa alkawarin fam guda bayan shekara biyar ba. Da yawa ma ba su san sun bayar ba.

Yaƙin Hitila

Yaƙi na biyu ya tashi ran 3 ga Satumba 1939 tsakanin Ingila da Jamus, a zamanin Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, Gwamna Bourdillon yana Ikko. Wannan karon labari ya fi saurin kai wa ƙauye. A watan Janairu na shekarar aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita. In jarida ta iso gidan hakimi, malami ɗaya ya karanta, mutum ashirin su saurara. Motocin majigi kuma suna zagayawa suna nuna hotunan yaƙi. Sunan Hitila da Musolini ya shiga bakin yara.

A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi. Ƙasar Nijar ta bi gwamnatin Vichy, wadda ta yi sulhu da Jamus, aka tsananta tsaron iyaka, fatauci tsakanin Kano da Damagaram da Maraɗi ya yi rauni har ƙarshen 1942. Cadi kuwa, a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Wannan ya buɗe wata hanya ta sama. Sai a kawo jirage a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, su ratsa Sudan har Alƙahira. Daga Satumba 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Kano, wadda ta fara ganin jirgin sama a watan Nuwamba na 1925, ta zama babban zango.

Aka buɗe asusu biyu manya. Na fari Gwamna ya kafa shi a 1939 domin taimakon waɗanda yaƙi ya tagayyara, kafin a gama yaƙi an tara fiye da fam 200,000 a cikinsa. Na biyu jaridar Daily Times ta Ikko ta buɗe shi a watan Yuni na 1940 domin sayen jiragen yaƙi, shi kuma ya haye fam 100,000. A lokacin ministan ƙera jirage na Ingila, Lord Beaverbrook, ya yanka cewa duk garin da ya tara fam 5,000 za a rubuta sunan da ya zaɓa a jikin jirgi samfurin Spitfire. Larduna suka shiga tsere, Kano tana cikin waɗanda suka tara kuɗin jirgi.

Don a san nauyin fam 5,000, sai a warware shi. Sule 100,000 ke nan, ko sisi 200,000, ko kwabo 1,200,000. In da anini za a biya, sai an ƙirga 12,000,000. A zamanin da kwabo ke ciyar da mutum yini, wannan ba ƙaramin tudu ba ne. Amma Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.

A watan Janairu na 1941 aka kafa wata runduna ta jiragen Spitfire a Ingila, mai lamba 91, aka laƙaba mata sunan Nijeriya saboda wannan kuɗi. Mazauninta na farko Hawkinge ne, a gaɓar tekun da ke duban Faransa. Aka rubuta sunayen larduna a jikin waɗansu jiragenta, akwai hoton wanda ke ɗauke da sunan lardin Oyo har yanzu. A 1944 rundunar ta kakkaɓo da yawa daga bama-bamai masu tashi da kansu waɗanda Jamus ke harba wa Landan. Wannan suna shi ne babbar alamar da aka yi wa masu bayarwa na Nijeriya. Sai dai a sararin samaniyar Ingila ta ke, inda idon manomin Kwanyawa ba ya kaiwa.

Hanyar da kwabo ya bi

Kuɗin yaƙi iri uku ne, in ba a rarrabe su ba labarin ba ya fita sosai.

Na fari shi ne ajiya, watau rance. An sayar da takardun ajiya a Nijeriya kamar yadda aka yi a Ingila, ga kuma bankin gidan waya. Amma gidan waya a manyan garuruwa da tashoshin jirgin ƙasa ya ke. Mutumin ƙauye kuwa yana da nasa banki tun kaka da kakanni: rumbu, da akuya, da tunkiya, matarsa kuma tana da adashi da jeren tasoshi. Ga kuma ƙyamar kuɗin ruwa a wurin Musulmi, ko da ya ke an buɗe ƙofar rance marar ruwa. Saboda haka wannan hanya ta fi zama ta masu albashi, watau malaman En'e, da akawuna, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da soja, da waɗansu 'yan kasuwa. Su kaɗai ke da takarda a hannu wadda za su iya mayarwa a biya su.

Na biyu shi ne abin da aka ɗiba daga ajiyar Baitulmali, kyauta ko rance, kamar yadda aka yi a yaƙin farko.

Na uku shi ne gudummawar hannu, ita ce ta shiga kowane gida. Hanyarta hanyar haraji ce, domin ba wata hanyar da ta kai ƙauye sai ita. Magana ta fito daga Razdan zuwa majalisar sarki, daga nan takarda ta je wa hakimi, hakimi ya tara dagatai, dagaci ya tara masu unguwa, mai unguwa ya bi gida gida. Kuɗi kuma ya hau ta tsanin da magana ta sauko: daga hannun mai gida zuwa mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa malamin hakimi ya ƙirga ya rubuta, a ɗaure a jaka, dogari ya raka har gaban Ma'aji a birni. A kowane mataki sunaye suna raguwa. Mai unguwa ya san kowane mai gida da abin da ya bayar. Dagaci ya san unguwanni. Littafin hakimi ya san ƙauyuka. Littafin Ma'aji ya san gundumomi. Jarida ta buga lardi. A sunan runduna kuwa sai Nijeriya.

An ce gudummawa ce ta ganin dama, a takarda kuwa haka ta ke. Akwai waɗanda suka bayar da zuciya ɗaya, domin ɗansu ko ƙanensu yana cikin soja, ko domin abin da suka ji na Hitila da yadda ya ke raina baƙar fata, ko domin sarki ya nema, abin da sarki ya nema kuwa ba a ƙi. Amma wanda ya san aikin gunduma ya san yadda roƙo ke zama in ya fito daga sama. In ana jera larduna a jarida, kowane Razdan ba ya so nasa ya zo ƙarshe. In ana karanta gundumomi a gaban sarki, kowane hakimi ba ya so a ji shi a baya. Kafin magana ta kai ƙofar talaka, sau da yawa ta riga ta zama rabo, an ce gidan wane kaza, gidan wane kaza. Bakin da ke karɓar haraji shi ne ke roƙon gudummawa, talaka kuwa ba ya iya rarrabe muryoyin biyu.

A nan amanar ma'aikaci ta ke. Haraji yana da ƙidaya da rasit, an san abin da ke kan kowa. Gudummawa ba ta da ƙayyadadden adadi, saboda haka ba abin da ke tsare ta tsakanin hannun mai bayarwa da jakar Ma'aji sai tsoron Allah na wanda ya karɓa, da alƙalamin malamin da ya rubuta. Malamin da ya rubuta taro ya kai taro, a lokacin da albashinsa ba ya isarsa saboda tsada, ya yi aikin da ya cancanci a ambata.

Gudummawar da ba ta shiga lissafi ba

Abin da aka tara a asusu shi ne ƙaramin kashi na abin da ƙauye ya bayar. A watan Fabrairu na 1942 Japan ta ci Singafo, Malaya da tsibiran da ke kewaye suka fita daga hannun Turawa. Ingila ta rasa kuza da roba da man girki da ta ke samu daga can, sai ta juyo Afirka ta Yamma. Aka ce a noma gyaɗa, a ƙara nomawa. Hakimai da malaman gona suka bi ƙauyuka da wannan umurni. A shekarar nan hukumar sayen amfanin gona ta Afirka ta Yamma ta karɓe cinikin gyaɗa, ita ke yanka farashi, kamfanoni su saya a madadinta. Farashin da a ke ba manomi bai kai abin da gyaɗar ke yi a kasuwar duniya ba. Rarar da ta taru daga baya aka miƙa ta ga hukumomin ciniki, ciki har da ta gyaɗa wadda aka kafa a 1949. Wannan ma ajiya ce, sai dai ba a tambayi mai ita ba, ba a kuwa ba shi kati ba. Dalar gyaɗa da ta yi ta tashi a Kano a ƙarshen yaƙi da bayansa, domin jirgin ƙasa ya kasa kwashewa, ita ce ta fi kama da ginshiƙin tunawa da manomi. Ita kuwa da aka samu taragu sai aka kwashe ta.

Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas na haƙar kuza a Jos, aka ɗebo mutane dubbai daga lardunan Arewa, da yawa sanyin dutse da cuta suka kashe su. Aka kuma riƙa sayen hatsi bisa tilas domin ciyar da leburorin kuza da soja, alhali a 1942 an yi ƙarancin abinci a waɗansu sassan ƙasar Hausa, wanda a ke kira 'Yar Gusau. Gishiri ya yi wuya, kananzir ya yi wuya, yadi ya ɓace daga kanti har masaƙa suka koma kan aikinsu gadan-gadan.

Sa'an nan ga 'ya'ya. Sojan Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, suka yi tafiyar nan mai ban mamaki daga Mogadishu zuwa Harar. Daga 1943 aka kwashe runduna ta 81, daga baya ta 82, zuwa Indiya da Bama, suka yi fama a kwarin Kaladan, suka ci Myohaung a watan Janairu na 1945. Hausa ce harshen bariki a yawancin bataliyoyin Nijeriya. Kowane saurayi da ya tafi, fartanya guda ce ta ragu a gandu, a daidai lokacin da a ke cewa a ƙara noma.

Alamun da aka kafa

Soja sun sami abin tunawa, sun kuwa cancanta. Akwai dutsen tunawa da mamatan yaƙin farko a Zariya. A Ikko aka kafa gumakan tagulla biyu a Idumota, ɗaya soja ɗaya ɗan dako, daga baya aka mai da su Abuja. Sa ɗan dako kusa da soja shaida ce cewa tun a wancan zamani an san ba mai bindiga kaɗai ke yin yaƙi ba. Aka sa wa barikoki sunayen wuraren da aka yi fama, kamar Myohaung da Dodan a Ikko. Ranar tunawa da mazan jiya, wadda dā a ke yi ran 11 ga Nuwamba, an mai da ita 15 ga Janairu bayan yaƙin basasa.

Mai bayar da kwabo kuwa, rabonsa ya tsaya a sunan runduna da wasiƙun godiya da suka tsaya a fada da ofis. Dalilin wannan ba boyayye ba ne. A Ashford da Mount Gilead hukuma tana bukatar ta lallashi mai ajiya, domin yana da ikon ya ƙi, yana kuma da ƙuri'a. Alamar da aka kafa masa wani ɓangare ne na lallashin. A ƙasar da a ke mulki ta hannun sarakuna kuwa, wanda a ke lallashi shi ne sarki, saboda haka shi a ke gode wa. Tsarin da ya sa tara kuɗin ya yi sauƙi, shi ne ya sa aka manta da masu shi.

Abin da ya rage

En'e ta wuce. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, daga baya Karaye da Rogo kowace ta zama ƙaramar hukuma, Kwanyawa tana cikin mazaɓun Karaye. A 2019 aka ɗaga Karaye ta zama masarauta, a 2024 aka rushe wannan tsari, sa'an nan aka sake kafa ta a daraja ta biyu, ƙasarta Karaye da Rogo. Fam da sule sun tafi tun 1973. Yaron da ke da shekara goma a 1942, wanda ya ga mai unguwa ya tsaya a ƙofar gidansu, yau ya haye casa'in.

Amma malaman En'e mutane ne masu rubutu, abin da suka rubuta kuwa bai ɓace duka ba. Takardun lardin Kano da littattafan gundumomi suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, waɗansu a Gidan Ɗan Hausa a Kano, tsofaffin kofen Gaskiya kuma ana samunsu a Kaduna da Zariya. Wanda ya bi waɗannan da haƙuri, ya haɗa da abin da ya rage a bakin dattawa da gidajen dagatai, zai iya sauko da tsanin nan daga lardi zuwa gunduma, daga gunduma zuwa ƙauye. Ko ba a kai ga sunan kowane mai gida ba, a kai ga sunan garinsa. Allo guda a ƙofar fada ko a ofishin ƙaramar hukuma, mai ɗauke da sunayen ƙauyukan ƙasar Karaye da shekarun nan biyu na yaƙi, bai kai kuɗin fiffiken jirgi ba. Magadan aikin En'e su suka fi kowa cancantar ɗaukar wannan, domin ta hannun magabatansu kuɗin ya wuce.

Har wa yau ba a daina neman gudummawa daga talaka ba, ko ta gina makaranta, ko ta ambaliya, ko ta tsaron gari. Wanda aka ɗora wa karɓa ya riƙe abu uku daga wannan labari. Ya gaya wa mai bayarwa gaskiyar abin da a ke karɓa, in kyauta ce kyauta, in rance ne rance, in tilas ne kada a kira shi ganin dama. Ya rubuta sunansa da abin da ya bayar, ya ba shi shaida a hannu, ko da taro ne. In aiki ya ƙare kuma, ya koma ya faɗa masa inda kuɗinsa ya tafi.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka bayar, da waɗanda suka karɓa suka kai da amana, da waɗanda suka tafi ba su komo ba. Amin.